Biskitin iloka a tukunyar yashi

A gidanmu da ke Madawa ba mu da na'urar gashi. Yashi muke zuba wa tukunyar ƙarfe, mu ɗora a kan gawayi, mu jera garwashi bisa marfi. Da ita nake gasa wa yarana biskitin zuwa lakwal tun 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya, kayan da ke shigowa ta Bangi da Ƙonni suka yi tsada.

Cakulan da Turawa ke barbaɗawa a nasu bai dace da zafinmu ba. A watan Afrilu, kafin a fita hutun ƙarfe goma ya narke ya ɓata wa yaro littafi. Iloka nake sawa: madarar gwangwani da sukari da ɗan bota, a yi ta juyawa a wuta kaɗan har ta yi ja, in ta huce a yanka ƙanana a cusa cikin kwaɓin fulawa da ƙwai.

Amma abin da ya fi min biskitin daɗi shi ne awo. 'Yata ta ajin CM1, wadda malaminta ke kukan rabi da kwata sun gagare ta, ita ke auna fulawa. Na ce mata kofi biyu da rabi na ba mu guda 30, nawa za a zuba in ana son 60? Ta ƙirga da yatsunta masu gari, ta ce biyar. Ƙaninta kuwa aikinsa rabawa gida uku, kuma duk abin da ya saura a bakinsa yake ƙarewa.