Tsakanin Ƙarfe da La'asar: Darasin Wani Malami a Sabon Garin Wudil

Bahaushe yana da ma'auni biyu na lokaci, kuma harshensa ya adana tarihin kowanne. Na farko shi ne na rana da salla: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Na biyu baƙo ne, sunayensa ma sun nuna haka. Agogo daga Yarabanci aka aro shi, minti da sakan daga Ingilishi, kalmar ƙarfe kuwa ta samo asali daga ƙarfen da ake bugawa don sanar da sa'a. Hatta latti aro ce, alhali makara tana nan tun fil azal.

Masu cewa Bahaushe bai san darajar lokaci ba sun duba ma'auni ɗaya ne kawai. Liman ba ya jiran kowa a sallar Juma'a. Jana'iza ba ta jiran ɗan'uwa na nesa. A ƙasar Kano, ɗaurin auren da aka sa ƙarfe 11:00 yakan ƙare kafin mai jinkiri ya gama neman wurin ajiye babur. Taron da aka san ba za a fara ba sai babban baƙo ya iso, shi ne ake yi wa zuwan ganin dama.

Wani malamin firamare a Sabon Garin Wudil ya rayu shekaru a tsakanin ma'aunan nan biyu. Bai taɓa rasa sahun farko a sallar asuba ba, amma ɗalibansa sun saba shiga aji kafin ya iso. Shugaban makaranta ya yi nasiha har ya gaji, abokai suka laƙaba masa suna Ga-ni-nan-tafe. Shi kuwa yana ganin abin ba komai ba ne, tunda ba wanda ya taɓa rufe masa ƙofa.

Ƙofar ta rufu ranar auren ƙanwarsa. Mahaifinsu ya rasu, dangi suka amince shi ne waliyyi, aka sa ɗaurin aure a birnin Kano bayan saukowa daga masallacin Juma'a. Tafiyar kimanin kilomita 40 ce, sai ya yi lissafinta da ranar da hanya take sarari. Ya manta Juma'a ce ranar da kasuwar Wudil take ci, ranar da manyan motocin shanu daga kara suke cika titin Maiduguri har bakin gada. Kafin ya isa an shafa fatiha, ƙanin mahaifinsa ya ba da auren.

Tsohon bai yi faɗa ba. Da mutane suka watse ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, da Yaya yana raye, da tun hantsi yana nan zaune. Ita yarinyar ta tambaya sau biyu ko ka zo."

"Kawu, hanya ce ta cushe."

"Hanyar nan muka biyo mu ma."

Abin da ya gano bayan haka ya fi nadamar amfani. Ya lura cewa salla ba ta kuɓuce masa saboda tana da shiri a gabanta: kiran salla, alwala, takawa zuwa masallaci. Alƙawarin ƙarfe kuwa ba shi da ladan, don haka sai lokacin ya cika yake fara neman hula. Sai ya yi wa kowane alƙawari nasa ladanin. Idan makaranta ƙarfe 8:00 ce, abin da yake riƙewa a ransa shi ne lokacin fita daga gida, kuma ya ɗaure shi da abin da ba ya motsi: in ya dawo daga masallaci da asuba, ba ya komawa shimfiɗa. Kayan sawa da littattafai tun bayan lisha ake haɗa su.

Abu mafi wuya shi ne gaisuwa. Daga ƙofar gidansa zuwa bakin titi akwai dattawa a dakali, da mai shayi, da maƙwabcin da ɗansa ba shi da lafiya, kuma wuce su ba sallama rashin tarbiyya ne. Bai yanke gaisuwar ba. Ya auna ta, ya tarar tana cin kusan minti 15, ya sanya ta cikin lissafin tafiya kamar yadda ake sanya kuɗin mota. Ranar Juma'a kuwa, duk abin da zai kai shi ƙetaren gada, da sanyin safiya ake kama fara.

Wannan ƙaramin labari yana da abin faɗa wa mai nazarin al'ada. Malamin bai aro ɗabi'ar kiyaye lokaci daga waje ba, domin tana cikin gidansu tun yana yaro ana tashinsa salla. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko ladabin da yake yi wa la'asar ya ba ƙarfe takwas, bayan ya fahimci cewa a ƙarshen kowane alƙawari akwai mutum zaune yana duban hanya. Yaran aji huɗu ne suka fara shaida canjin, ranar da suka tarar ya riga su share allo.