Idan an kama naka da ƙwaya a Dutse: lauya tukuna

1/ Jama'a, zaren nan na waɗanda ke cewa "ai mu ba ma shaye-shaye, me ya shafe mu" ne. Laifin mallakar ƙwaya ba sai mashayi ba. Ya isa a same ta a jakarka ko ƙarƙashin kujerar kekenka.

2/ Dokar NDLEA, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 48 ta 1989, ta ce a sashe na 19 duk wanda ya mallaki hodar iblis, tabar heroin ko makamantansu DA SANINSA, ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ne. Alƙalai kan yanke ƙasa da haka, amma abin da ke rubuce ke nan. Ku riƙe kalmar nan "da saninsa".

3/ Bara ɗan baffana, mai tuƙa keke Napep, ya karɓi saƙon kwali ranar kasuwar Shuwarin zai kawo Dutse. Aka tsayar da shi a hanya, aka buɗe, sai ga tiramol. Mai saƙon kuwa ya kashe waya.

4/ Abu na farko da Baffa ya faɗa shi ne, "Kada maƙwabta su ji." Na ce, "Baffa, lauya za mu nema." Ya ce lauya ai sai magana ta lalace. Kwana biyu aka yi ana bin wani mutum da ya ce ya san manya. Ya karɓi kuɗin da ya kai na buhun gero biyu, daga nan kullum "oga ya yi tafiya".

5/ Wallahi kunyar nan tana kashe mu. A cikin waɗannan kwanakin ne ake ɗaukar bayanin wanda aka kama, kuma takardar da ya sa wa hannu ita ce za ta biyo shi har kotu. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya. Dokar shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 17, ta yi tanadin a ɗauki bayani a gaban lauyansa, a kuma kawo tafinta in ba ya jin Turanci.

6/ Ba kowane lauya ba. Shari'ar ƙwaya ta Babbar Kotun Tarayya ce, akwai ta nan Dutse, ba kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba. Mai yi muku takardar fili yana iya zama gwani a nasa fannin, amma ku tambaye shi kai tsaye: Barista, ka taɓa kare irin wannan tuhuma a can?

7/ Wadda muka samu, ta hannun wata malamata, kafin ta yi zancen kuɗi ta jero mana tambayoyi. Ya rubuta bayani? An karanta masa da Hausa? An auna kayan a gabansa? An liƙe ya sa hannu? An tura gwaji? Akwai wanda ya ga lokacin da aka ba shi kwalin? Nan na gane inda shari'ar take. Ta kuma hana shi amsa laifi don kawai wani a ɗakin tsaro ya ce masa haka ya fi sauri. Sassauci bayan amsa laifi yana nan a doka, amma lauya ke zama ya tattauna shi a rubuce.

8/ Duk wanda ya ce "na san alƙalin", tashi ka tafi. Nemi ganin hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai ɗauke da sunansa da lambarsa, a rubuta kuɗin aiki, a ba ku rasit.

9/ Babu kuɗi? Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Tarayya, wato Legal Aid Council, don marasa hali aka kafa ta. Ku kuma tuntuɓi reshen NBA na Dutse.

10/ An ba shi beli, shari'a na tafiya. Yayarsa, malamar makaranta, ita ta tsaya masa, domin sashe na 167 na dokar 2015 ya hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce. Sashe na 7 kuma ya haramta a kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema.