Kifin da ba kifi ba

Gidanmu a unguwar Zongo ta birnin Yamai bai yi nisa da Kogin Kwara ba, amma tsakaninmu da teku sai an yi tafiyar wajen kilomita 1000 zuwa Kwatano. Duk da haka, wata ranar Laraba ƙanwata mai shekara 8 ta dawo daga lakkol da aikin gida: ta zana dabbobi biyu da littafinsu na Faransanci ya kira balen da dofen.

Ta ce, "Yaya, mene ne balen da Hausa?"

Ni da nake ƙetare gadar Kennedy kullum don karatun kimiyyar harshe a Jami'ar Abdou Moumouni, sai na yi shiru. Can na ce, "Wani babban kifi ne."

Ta ɗauki allo da alli ta zana abin da na faɗa mata. Ta yi masa ɓawo a jiki, ta tsaga masa wurin numfashi a gefen kai, ta tsayar da wutsiyarsa kamar ta karfasar da ake sayarwa a kasuwa. Hoton littafin yana gabanta, amma kalmar da na ba ta ita ce ta ja hannunta. Washegari aka maido mata da zanen da jan biro, ta zo tana kuka, alhali laifin nawa ne.

Ban ƙago kalmar daga kaina ba. Tun muna makarantar allo muke jin labarin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa, kuma ga Bahaushe duk mai iyo maras ƙafa kifi ne. Sai dai balen ba ya yin ƙwai. Haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa nono, ya taso saman ruwa ya shaƙi iska ta hancin da ke tsakar kansa. Kifi yana kaɗa wutsiya dama da hagu, shi kuwa wutsiyarsa a kwance take, sama da ƙasa yake kaɗa ta. Mafi girma a cikin danginsa yakan kai tsawon mita 30.

Wani tsohon masunci da na tarar a bakin kogi yana gyaran koma shi ya warware mini matsalar. Da na kwatanta masa dabbar, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ayu kake faɗa mini." Ya ce ayu ma yakan leƙo ya sha iska, macen tana da nono, wutsiyar kuma shimfiɗe take kamar faifai. Ashe muna da kalma, a cikin ruwanmu, wadda ke ɗauke da kusan duk siffofin da na kasa bayyanawa. Daga baya na karanta cewa kamar jiki ce kawai ta haɗa su: a wajen masana halittu ayu ɗan'uwan giwa ne, kuma a cikin dabbobin da ke raye dorina ce mafi kusancin zumunta da balen. Dorina kuwa ƙanwata ta sha ganin ta a gidan tarihi na Boubou Hama, nan kusa da unguwarmu.

Da maraice muka sake zama. Na ce ta manta da kifi. Muka fara da doguwar gyanɗama a kwance, mai kauri a gaba, mai siranta a baya. Muka sa ƙaramin ido can ƙasa, daf da kusurwar baki. Muka buɗe hanci a tsakar ka, da feshi yana tashi. Wutsiya muka kwantar da ita fiffike biyu, da ƴar tsaga a tsakiya. Jiki sumul, babu ɓawo ko ɗaya. Shi dofen muka rage masa girma, muka zuro masa baki, muka ɗora masa lauje a gadon baya. Hannunta bai canza ba tsakanin jiya da yau, abin da ta ji ne ya canza.

Wannan ƙaramin al'amari ya shafe mu, mu ɗaliban harshe. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 an ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. Littattafan yara za su buƙaci sunayen abubuwan da yaran Sahel ba su taɓa gani ba, kuma daga cikinmu masu rubuta su za su fito. Idan mun ari balen, mun ba yaro sauti maras hoto. Idan mun ce kifi, mun ba shi hoton da zai ɓatar da shi. Giwar ruwa ta so ta dace, amma masunta sun riga mu, tuni giwan ruwa sunan wani kifi ne. Saboda haka kafin mu amince da sabuwar kalma, ina ganin ya kamata mu gwada ta a hannun yaro: mu faɗa masa ita, mu ba shi alli, mu ga abin da zai zana.

Ƙanwata ba ta jira mu ba. A ƙarƙashin zanenta ta rubuta "ayun teku". Na so in tuna mata da batun dorina, sai na dubi wutsiyar, na ga a kwance take, na bar ta.