Sikizofereniya da ciwon damuwa a hoton ƙwaƙwalwa

A bakin jama'a, duk wanda hankalinsa ya jirkita sunan ciwonsa ɗaya ne: taɓin hankali. A wajen likitoci kuwa, mutumin da ke jin muryoyin da babu mai jin su, yana kuma zargin ana ƙulla masa makirci, ciwonsa dabam ne da na wanda baƙin ciki ya danne shi wata da watanni har abinci da barci suka fita daga ransa. Na farko shi ake kira sikizofereniya, na biyu ciwon damuwa. Likitan nan na Jamus, Emil Kraepelin, ya raba irin waɗannan cututtuka gida biyu tun 1899, kuma bai yi haka da wata na'ura ba, sai ta lura da yadda ciwon ke tafiya da mai shi cikin shekaru. Shin iyakar da ya shata da ido tana nan a cikin ƙwaƙwalwar kanta?

Amsar farko ta fito a 1976. Eve Johnstone da Tim Crow, a asibitin Northwick Park da ke Landan, sun ɗauki hoton kawunan masu fama da sikizofereniya da na'urar CT, suka tarar guraben ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwarsu sun fi na masu lafiya faɗi. A 1990 aka ƙara samun hujja mai ƙarfi da na'urar MRI, wadda masu karatu da Faransanci suka sani da IRM. An duba tagwaye masu kama ɗaya har kashi 15, ɗaya na da ciwon, ɗaya ba shi da shi. A kusan dukkansu, hifokamfas ɗin mara lafiyar, wato sashen da ke taimakawa wajen adana tunani, ya fi na ɗan'uwansa ƙanƙanta.

Shi ma ciwon damuwa yana taɓa hifokamfas, sai dai taɓawar ba ta kai ta sikizofereniya ba. Gamayyar masu bincike ta ENIGMA, wadda ke tattara hotuna daga cibiyoyi da dama na duniya, ta auna cututtukan biyu ta hanya iri ɗaya a 2016. A ɓangaren sikizofereniya an kwatanta majinyata 2,028 da masu lafiya 2,540. A ɓangaren damuwa, majinyata 1,728 da masu lafiya 7,199. Tazarar da aka gani a hifokamfas ɗin masu sikizofereniya ta ninka ta masu damuwa kusan sau uku, kuma ta zo tare da ƙanƙancewar wasu sassa da faɗaɗar guraben ruwa. A wajen masu damuwa, raguwar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. Abin lura a nan shi ne, waɗanda ciwon ya sha dawo musu su ne suka nuna ta. Waɗanda karonsu na farko ke nan ba a ga bambanci tsakaninsu da masu lafiya ba. Wannan na iya nufin raguwar tabo ne da ciwon ya bari, ba tushensa ba, ko da yake hoton da aka ɗauka sau ɗaya ba ya iya yanke wannan hukunci.

Hotunan da ke auna aiki, ba siffa ba, su ma sun raba hanya. Na'urar PET ta nuna yawaitar sarrafa sinadarin dofamin a can cikin ƙwaƙwalwar masu sikizofereniya, yayin da a ciwon damuwa hankalin masana ya fi karkata ga wani ɗan yanki na gaba da ake kira yanki na 25.

To amma a nan ne ɗalibi ke saurin zamewa. Duk waɗannan alƙaluma matsakaici ne na taron mutane, ba bayanin mutum ɗaya ba. Maza sun fi mata tsawo idan aka yi jimla, amma ba a iya gane jinsin mutum daga tsawonsa kaɗai, alhali tazarar tsawon nan ta fi ta hifokamfas girma nesa ba kusa ba. Ga kuma magani: mafi yawan waɗanda aka ɗauki hotonsu sun daɗe suna shansa, kuma wasu magungunan sikizofereniya da kansu suna sauya girman wasu sassan ƙwaƙwalwa. Ƙari a kan haka, wani nazari na 2015 da ya haɗa cututtukan hankali shida ya gano raguwa iri ɗaya a wasu yankunan da dukkansu suka yi tarayya a kai, har da waɗannan biyun. Ashe iyakar Kraepelin ba katanga ba ce.

Saboda haka har yau babu asibitin da ke tantance sikizofereniya ko damuwa da hoto. Dangin da suka haɗa kuɗi da kyar domin a saka ɗansu a na'ura, da fatan hoton zai faɗi sunan ciwon, sukan koma gida da takardar da ke cewa ba a ga komai ba, har wasu su ɗauka ke nan ciwon ba na asibiti ba ne, su daina ba shi magani. Alhali likita kan nemi hoton ne don ya tabbatar babu ƙari, ko shanyewar wani sashe, ko kumburin ƙwaƙwalwa da ke kwaikwayon ciwon hankali, musamman idan alamun sun fara farat ɗaya ga mutumin da ya manyanta.