Tallan Kai Ga Mai Son Sana'ar Wasan Kwaikwayo

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai albarka, in yi magana da samarinmu da 'yan matanmu na ƙetaren kogin Kaduna, watau na Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa har Sabon Tasha, waɗanda su ke so su mai da wasan kwaikwayo sana'a. Ni ɗinki ne abincina, amma na fi shekara 20 ina wasa a cikin wata 'yar ƙungiya ta unguwarmu, yanzu kuwa da girma ya kama ni sai na koma koya wa yara. Saboda haka da wuya mako ya wuce wani bai zo shagona ya ce, "Baba, yaya zan yi a san ni?" ba.

Tambayar nan tana da nauyi ga Bahaushe, gama an rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. A dā, in ka ɗebe ɗan dambe da ɗan tauri da mafarauci, ba mai yi wa kansa kirari, sai dai maroƙi ya yi masa. Ga shi kuwa zamani ya kawo sana'ar da mutum shi ne mai haja, shi ne kuma hajar. Mai tumatir a kasuwar Kakuri ya kan kasa tumatir a tire ya zauna. Ɗan wasa ba shi da abin kasawa sai fuskarsa da muryarsa, in kuwa kunya ta hana shi talla, to, ya kwana da kayansa. Abin da na ke so in nuna shi ne, akwai tallan da ba ya zub da mutunci, magabatanmu na nan Kaduna ma da shi suka yi suna.

Da aka buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna a 1962, a wancan zamani nan ne babbar ƙofar da ɗan wasa ke shiga jama'ar Arewa su san shi. Ta nan aka san marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya yi Karambana, ya kuma fito a wasan Magana Jari Ce na talbijin, Allah ya yi masa rasuwa a 2017. Amma wanda na fi son samarinmu su duba shi ne marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Jama'a, ku tambayi mutum goma a tasha ko sun san Usman Baba, watakila biyu su amsa. Ku ce Samanja Mazan Fama, sai kowa ya yi murmushi, har wani ya fara kwaikwayon muryarsa. Mutumin nan Banufe ne, soja ne kuma na gaske. Hausar bariki, wadda ake gauraya ta da Turancin kasuwa, malamai suna ƙyamarta, ita ya ɗauka ya yi jari da ita. Abin da ya gani da idonsa a bariki, na tsawar saje da wayon kurtu da rigimar matan soja, shi ya kai gaban jama'a. Ba wanda zai iya ƙwace masa wannan, don ba aro ya yi ba.

To, mu mutanen ƙetaren kogi muna zaune a kan irin wannan jari ba mu sani ba. Tun da aka kafa masaƙar Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, mutane suka taru nan daga ko'ina: Bajju da Atyap da Gwari da Tibi da Idoma da Yarbawa da Ibo da Barebari, kowa da irin Hausarsa. Masaƙar farko ta tsaya a 2002, amma jama'ar suna nan, harsunansu ma suna nan. In ka zauna wurin mai shayi a Makera rabin sa'a, sai ka ji Hausa iri biyar. Amma abin mamaki, yaronmu in an sa shi gaban kyamara sai ya watsar da duk wannan, ya shiga lanƙwasa harshe wai shi Bakano, yana kwaikwayon tafiyar wani tauraro da ya gani. Mai shirya fim a Kano me zai yi da Bakanon jabu, alhali na gaske sun cika masa ƙofar ofis?

Na ambaci Kano don tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa can ta koma. Tsakaninmu da ita fiye da kilomita 200, kuɗin mota kuwa ba wasa ba ne ga wanda ba shi da aikin yi. Duk da haka Kaduna ba ta rasa nata ba. Rahama Sadau 'yar garin nan ce, ta shiga fim a 2013, ta yi na Hausa, ta yi na Ikko, har ta fito a wani fim na Indiya a 2022. Yanzu kuma da kasuwar faifai ta mutu, wasanni masu dogon zango suka karɓe fili, irin su Daɗin Kowa da Labarina a tashar Arewa24, da Izzar So a YouTube. Irin waɗannan suna cin 'yan wasa da yawa, har da tsofaffi da masu rama da masu tumbi, ba kyawawa kaɗai ba. Wayar hannu kuwa ta rage nisan hanya, mutum na Narayi sai a ga aikinsa a Kano kafin ya gama shan kunu.

Amma fa wayar nan ita ce ta ruɗi yaranmu. Sai ka ga yaro ya ari babbar riga, ya jingina da motar da ba ta ubansa ba, ya ɗauki hoto 30, ya rubuta "jarumi" a ƙarƙashin sunansa, bai taɓa haddace magana layi biyar ba. Wannan shi ne yabon kan da aka ce jahilci ne. Ni abin da na kan ce musu, ku ɗauki wasa na minti biyu, a wuri mai haske, inda murya ke fita sarai, ku zama wani mutum dabam: mai gidan haya ya zo karɓar kuɗi, ko tsohon ma'aikacin masaƙa yana ba jikansa labari. Gani ya kori ji. In ka aika wa mai shirya fim irin wannan, ba ka ce masa kai gwani ba ne, aikinka ka ajiye a gabansa ya yi hukunci da kansa, kamar yadda ni ma na kan rataye rigar da na ɗinka a bakin shago.

Sa'an nan akwai rabin tallan da ba a yi da waya. In an ce ƙarfe 7, ka zo ƙarfe 7. In an ba ka fitowa ɗaya tak, ta masinja ko ta mai gadi, ka haddace ta kamar ita ce fim ɗin duka. Masu wannan sana'a ba su da yawa, sun kuwa san juna, labarin mai makara da mai gardama ya kan riga shi isa. Kada kuma ka saki sana'ar hannunka da wuri. Na san masu basira da yunwa ta kora, don sun sayar da keken ɗinki ko babur tun ba a fara biyansu abin kirki ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne wani abin takaici da ya faru a unguwarmu. Wani mutum ya zo da jaka da katin shaida a wuya, ya ce daga Kano ya ke, yana neman sababbin fuska. Ya sayar wa yara takardar cikewa, ya sa musu ranar gwaji. Yara bakwai daga cikin waɗanda na ke koya wa suka biya, ɗaya ma kuɗin adashin uwarta ta ɗauka. Ranar ta zo, suka yi ado, suka wuni a rana, babu shi babu labarinsa. Wadda ta ci adashin nan tana da basira ƙwarai, amma ubanta ya rantse ba ta sāke wasa, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Na je na zauna da shi sau biyu, na ce in an kira ta aiki yayanta ya raka ta, a kuma rubuta abin da za a biya ta a takarda tun kafin a fara. Har yanzu dai bai sauko ba.

Don haka ina roƙon manyan masu shirya fim na Kano da na nan Kaduna, in wannan takarda ta kai gare su, su ba mu amsa a wannan fili. Ta wace ƙofa yaron kirki zai bi ya nuna aikinsa? Ana biyan kuɗi kafin gwaji, ko kuwa ba a biya? In sun bayyana, ni da kaina zan yanke amsar in liƙa a bangon shagona, inda yaran ke zama.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Tela,
Kakuri, Kaduna.