Bitar da na yi a bakin mutanen Daura

Likitan haƙori da ke son zama ƙwararre a Najeriya sai ya fara haye wata jarrabawa da muke kira Firamari. Hukumomi biyu ke shirya ta: Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda ta samo asali a Ibadan a 1960. Ba ruwansu da yadda kake cire haƙori ko cike shi, aikin da hannunka ya saba. Baya suke mayar da kai, can karatun farkon jami'a: tsarin ƙoƙon kai da wuya, aikin zuciya da ƙoda, yadda cuta ke cin nama, yadda magani ke bin jini.

Ni a Daura na yi tawa bitar, cikin hunturun 2018, ina aiki a wani asibiti mai kujerar haƙori ɗaya tak. Abokan karatuna suna Kano da Zariya, inda akwai manya da za a tambaya. Ni kuwa abin da na mallaka shi ne littafin Last na tsarin jiki, da Ganong, da Robbins, da tarin tsofaffin tambayoyi da ake turo mana ta WhatsApp, rabin amsoshinsu ba daidai ba. Da daddare in kunna fitilar caji, in lulluɓa da bargo, in yi ta haddar ramukan gindin ƙoƙon kai da abin da ke ratsa kowanne. Gari na wayewa sun gudu.

Abin da ya zauna mini, a kan kujerar nan ya zauna. Akwai wani dattijo ma'aikacin jinya da ya girme wa mahaifina, shi ke dafa mana kayan aiki. Wata safiya na yi wa wani manomi daga wajen Sandamu allurar kashe zafi don in cire masa turmin ƙasa, muka jira, na taɓa, mutumin ya zabura. Dattijon ya leƙa bakin ya ce, "Likita, akwai mugunya. Allura ba ta kamawa a kan mugunya." Na ce, "Me ya sa, Baba?" Ya ce shi dai haka ya gani tun kafin a haife ni. A daren na nemo dalilin. Lidoken, maganin da ke cikin allurar, sai ya ratsa fatar jijiya kafin ya toshe hanyar da saƙon zafi ke bi, wurin da ya ruɓe kuwa yana da tsami, tsamin nan ke hana yawancin maganin ratsawa. Shi ya sa ake komawa nesa da kumburin, a tare jijiyar tun kafin ta shiga ramin da ke cikin muƙamuƙi. Tun daga ranar, reshe na uku na jijiya ta biyar, cikin goma sha biyun da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, bai sake ɓace mini ba.

Sai na mai da abin al'ada: duk wanda na gani da rana, shi ne babin da zan buɗe da dare. 'Yan acaɓa da suka faɗi a hanyar Mai'adua suka koya mini inda muƙamuƙi ya fi karyewa, da dalilin da leɓen ƙasa ke mutuwa in karayar ta bi ta kan jijiya. Uwayen da ke kawo ɗan shekara 6 su ce a cire ruɓaɓɓen turmi ai zai yi famfara, su suka sa lissafin fitowar haƙora ya zauna mini daram, don wannan turmin na dindindin ne, in ya tafi ya tafi kenan.

Wanda ba na mantawa wani magidanci ne daga ƙauyukan Baure. An cire masa haƙori a kasuwa, aka kawo shi ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura hagu da dama, da tauri kamar katako, harshe ya ɗago, miyau na zuba, ba ya iya kwanciya. Ciwon da littafi ke jingina wa Ludwig kenan, wanda na sha karantawa a matsayin jerin sunayen gurabe a ƙasan baki. Saiwar turmi na biyu da na uku tana sauka ƙasa da tsokar da ta shimfiɗe ƙasan baki, don haka ruɓa ke gangarawa wuya ta danne maƙogwaro. Muka sa masa ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, na ce wa ƙaninsa, "Malam, kada ku bari ya kwanta, a zaune za ku kai shi Kano, yanzu." Suka bi ta Kazaure. Ya rayu, har ya dawo mini da zabi biyu.

A ganina masu shirya jarrabawar sun yi daidai da suka nace kan wannan tushe, ko da yake ban ga amfanin wasu tambayoyinsu ba har gobe. Inda na fi jin ciwo wani wuri ne dabam. Na je Abuja na zauna gaban kwamfuta, Allah ya ba ni sa'a, sai ga shi takardar ba ta da aiki a Daura. Horon ƙwarewa sai a manyan asibitoci irin na koyarwa: Aminu Kano, ko Shika, ko Sakkwato. Mutanen da na yi karatun a bakinsu, su na fara bari. Da na gaya wa Baba na samu gurbi, ya yi mini addu'a, sannan ya tambaye ni ko an ce za a turo wani. A lokacin ba a ce ba. Bayan Sallar Gani na ɗaure littattafaina na hau motar Kano.