Kishiya A Kabari

 

Yau a kan tsoro nake son mu tattauna. Tsoro dai iri-iri ne. Akwai na maciji da kunama, wannan fitila da takalmi sun ishe shi. Akwai na aljanu da fatalwa, irin wanda kakanninmu ke sa mana da tatsuniya har mu kasa fita fitsari da dare. To akwai kuma wani na uku, wanda ba shi da ƙaho ba shi da kofato, a cikin ƙirjin mutum yake kwana, kuma baki ne ke shuka shi. Shi ne mafi mugunta, don mace na iya ramewa ta lalace a gaban kowa, a yi ta neman abin da ya same ta a rasa.

Abin da ya jawo zancen wani tsohon fim ne na Turawa mai suna Rebecca, wanda ƙanena da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ya tura mani a waya, ya zauna yana fassara mani inda Turancina ya gaza. Fim ɗin ko kala babu, fari da baƙi ne, babu jini, babu dodo, babu gawa mai tafiya. Amma wallahi tsikar jikina ta tashi fiye da yadda take tashi in na kalli finafinan aljanun nan masu jan ido da dogon farce.

Asalinsa littafi ne. Mu ma ai mun saba da haka. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim a 1976 a hannun Adamu Halilu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda muka riƙa aro hannu da hannu har bangonsa ya yage, an mayar da shi fim a 1994. Haka Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, littafin 1990, ya zama fim a 1998, ga kuma Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, 'yar jiharmu. Wasu daga cikin waɗannan sun taɓo kishi da zaman aure, sai dai kishiyoyin cikinsu rayayyu ne, ana ganinsu, ana cacar baki da su. Ita kuwa kishiyar da ke cikin Rebecca ta mutu tun kafin labarin ya fara.

Wata Baturiyar Ingila ce, Daphne du Maurier, ta rubuta shi, ya fito a 1938. Ta fara rubutun ne a Iskandariyya ta ƙasar Masar, inda aka tura mijinta aikin soja. Shi mijin nata ya taɓa yin baiko da wata kafin ita, abin kuma ya tsaya mata a rai, har ta ce littafin nata nazari ne a kan kishi. Kun ga ashe kishi kumallon mata ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A 1940 Alfred Hitchcock ya mayar da littafin fim, shi ne fim ɗinsa na farko a Amurka, ya kuma ci lambar Oscar ta fim mafi kyau na shekarar. Indiyawa ma sun yi nasu a 1964 mai suna Kohraa, wato hazo, da Waheeda Rehman a matsayin amarya, sannan Netflix ta sake yin wani a 2020.

Ga labarin a taƙaice. Wata yarinya marainiya, talaka, mai kunya, tana aikin rakiyar wata attajira, sai ta haɗu da wani mai kuɗi, Maxim de Winter, wanda matarsa Rebecca ta mutu a teku wajen shekara ɗaya da ta wuce. Ya aure ta cikin gaggawa ya kai ta katafaren gidansa, Manderley. Tun daga ranar da ta shiga ba ta ƙara samun sukuni ba. Duk inda ta juya harafin farko na sunan Rebecca ne, a hankici, a rigar matashin kai, a littafin adireshi. Kowa ya buɗe baki sai ya faɗi kyan Rebecca da iya adonta da iya karɓar baƙinta. Shugabar barorin gidan kuwa, Misis Danvers, wadda ta shaƙu da mamaciyar, ta adana ɗakinta yadda ta bar shi, har da rigar barcinta da matajin kanta, kamar yanzu za ta shigo.

Abubuwa biyu sun fi taɓa ni. Na farko, daga farkon fim har ƙarshensa ba a nuna fuskar Rebecca ko a hoto ba, amma sunanta ne a bakin kowa, ita kuwa amaryar da muke kallo ko sau ɗaya ba a faɗi sunanta na yanka ba, haka ma a littafin. Na biyu, akwai inda aka bugo waya ana neman matar gidan, amarya ta ɗauka ta ce ai matar gidan ta rasu. Ta manta ita ce ake nema! Dubi yadda ake shafe mace tana numfashi.

Danvers ba ta taɓa zaginta ba, ba ta taɓa ɗaga mata hannu ba. Sai dai amarya ta waiga ta gan ta tsaye a bayanta, fuska ba fara'a. Ita ce ta ba ta shawarar ta ɗinka irin kayan da ke jikin wani tsohon hoto don ta burge mijinta ranar biki, alhali ta san irinsu Rebecca ta sa a bikinta na ƙarshe. Miji na ganinta ya daka mata tsawa a gaban mutane. Tana cikin kuka Danvers ta buɗe mata taga ta bene, tana yi mata raɗa a hankali cewa ba ta da amfani a gidan, ta faɗa kawai ta huta. Saura ƙiris ta faɗa.

Sai daga baya gaskiya ta fito, bayan an tsinci jirgin ruwan Rebecca a ƙarƙashin teku da gawarta a ciki. Ashe Maxim bai taɓa sonta ba, zaman ƙiyayya suka yi, tana cin amanarsa, suna rufa wa juna asiri don sunan gida. Shirun da amarya ta ɗauka na bege ne, ashe na tsoron tonon asiri ne. A littafin shi ya harbe ta. A fim aka sauya, aka ce mari ya kai mata ta faɗi ta bugu, saboda dokar masu tace finafinai ta Amurka a lokacin ba ta yarda mai kisa ya tsira ba tare da hukunci ba. Ƙarshe dai gidan ya ƙone ƙurmus.

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da gidan Turawa mai bene a bakin teku? 'Yar uwa, akwai Manderley a ƙauyukanmu, da katangar ƙasa da rufin kwano.

Ɗiyar gwaggona, da shekara 19, aka aurar da ita ga wani magidanci a wani ƙauye tsakanin Kusada da Kankiya, wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa ta bar yara biyu. Mutumin kirki ne, manomi, ba shi da faɗa. Amma akwai yayarsa a gidan, bazawara, aminiyar marigayiyar, ita ke riƙe da makullin ɗakinta. Jerenta na nan, kwalla da fanteka a kan juna, gadonta a gyare, duk Juma'a sai an buɗe an share an sa turaren wuta. Ita amarya aka sa ta a ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafi.

In ta yi tuwo sai a ce, “Allah ya jiƙan mai ɗakin can, ita tuwonta ba ya gudaji.” In ta yi wa yarinya kitso sai a kwance, wai uwarta ba haka take yi mata ba. In ta yi kwalliya sai a dube ta a yi tsaki a kau da kai. Wa za ta kai ƙara? Ta ce an yi wa mamaciya addu'a a gabanta? Kishiya mai rai kya ga ranar da miyarta ta yi tsami, kya ga ranar da maigida ya yi mata faɗa, ki san ita ma mutum ce. Wadda ke kabari kuwa ta gama kuskure, kullum ƙara kyau take yi a bakin mutane.

Kafin a ci wata shida yarinyar nan ta zama kamar kara. Ba ta barci, ba ta cin abinci, ta ce cikin dare tana jin daka daga wajen ɗakin nan. Nan take gari ya ɗauka, wasu su ce mamaciya ce ba ta so a gaje ta, wasu su ce iska ne, wasu su ce sammu. An yi hayaƙi, an sha rubutu, abin sai gaba. Ranar da muka je da Inna, na ja ta gefe na ce, “Ke, gaya mani tsakaninki da Allah, me kike gani?” Ta ce, “Yaya, ba na ganin komai. Ni dai ji nake kamar ni ce fatalwar gidan, ita ce mai rai.”

Inna ba ta yi wata-wata ba, ta sa aka kira mijin ta ce, “Malam, amana muka ba ka, ka buɗe baki ka yi mana bayani.” Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce shi ya daina ambaton marigayiya ne don kada ran amarya ya ɓaci, ɗakin kuwa nauyin yayarsa yake ji. Ita kuma duk tsawon lokacin nan ta ɗauka shirunsa na nufin har yanzu zuciyarsa na kabari. Shiru ma magana ce, amma kowa da irin fassarar da yake yi mata. Sannan ashe ko gadon marigayiyar ba a raba ba. Aka kira malami ya raba, aka adana kason yara, aka yi wa ɗakin shafen farar ƙasa. Ita kuma muka kai ta asibiti, aka ce damuwa ce da rashin barci suka taru suka yi mata yawa, aka ba ta magani. Da barci ya dawo, daka ta ɗauke.

Kada wata ta ɗauki darasin a karkace. Rebecca muguwa ce a labari, amma yawancin matan da ake gada a gidajenmu mutanen kirki ne, kuma an hore mu da ambaton mamatanmu da alheri. Amarya ba ta buƙatar a ɓata mamaciya kafin ita ta samu wurin zama. Shi ma Maxim ba abin koyi ba ne, mai kisa mai kisa ne ko da ya iya soyayya. Abin da fim ɗin ya nuna mani shi ne yadda ciwon ke haɗuwa daga abu uku: mai raɗa a kunne, miji mai rufe baki, da yarinyar da tun farko ba ta ɗauki kanta a bakin komai ba. In aka cire ɗaya, sauran biyun sai su yi rauni.

Don haka ke amaryar da aka kai gidan da aka yi rashi, ki sani ba gasa aka kawo ki ba. Kada ki ce sai kin zama ita, ba za ki zama ba, kuma ba a ɗaura aure da kwaikwayo. Ki yi mata addu'a da bakinki a gaban kowa, ki bar 'ya'yanta su kira sunan uwarsu ba tare da kin haɗe rai ba, in ma da hali ki tambaye su irin abincin da take yi masu. Abin da aka fito da shi fili ba ya zama dodo. Abin da ya shige maki duhu kuma ki tambayi mijinki a cikin ladabi, ranar da kika ga ransa fari, don rashin sani ya fi dare duhu.

Ku kuma dangin miji, yayye da ƙanne da surukai, mun san kun yi rashi, mutuwa da ɗaci. Amma son mamaci addu'a ce da sadaka da kula da marayunsa. Duk wadda ta mayar da “Allah ya jiƙan wance” bulalar dukan mai rai, ta sani ba lada take nema ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ɗiyarki ma ba ki san gidan da za ta faɗa ba.

Ku iyaye mata, in kuka ga ɗiyarku na ramewa a ɗakin miji, ta daina barci, ta daina hira, tana kuka ba dalili, ko ta fara cewa gara ta mutu, kada ku tsaya a kan hayaƙi kaɗai. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti, biyun ba sa karo. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa da damuwa, akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai na Kware a Sakkwato, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya haukace. Kafin ku tambayi wane aljani ne ya shige ta, ku fara tambayar wa ke yi mata magana a gidan, kuma me ake ce mata.

Wadda ta samu karatun nan ta karanta wa mijinta ko da rabi ne, watakila ya gane cewa kalma ɗaya daga bakinsa ta fi turaren wata guda. Allah ya jiƙan matanmu da suka riga mu, ya raya abin da suka bari, ya ba waɗanda suka gaje su haƙuri da kwanciyar hankali, amin.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba in da rai da lafiya. Taku a kullum, 'yar uwarku daga Kusada.